Kunne a Bakin Aiki: Yadda Sensa da Sauti Ke Taimakon Hannun Mai Sana'a

Duk mai aiki da kayan hannu yana samun labarin aikinsa ta ƙofa uku: abin da ido ya gani, abin da hannu ya ji, da abin da kunne ya ɗauka. Maƙeri yakan gane ƙarfe ya fara hucewa daga yadda amon masaba ya sauya a kan uwar maƙera. Bakanike yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗi inda ƙwanƙwasa take fitowa. Mai walda kuma tun kafin ya ɗaga gilashin fuskarsa ya san ko ɗinkin ya kama, saboda ƙarar wutar ta riga ta gaya masa. Fasahar haɗa sensa da sauti a kan wannan tsohuwar baiwa ta ginu. Sensa wata 'yar na'ura ce da ke auna wani abu, kamar ƙarfin dannawa ko karkata ko nisa ko girgiza, ta mayar da shi siginar lantarki. Daga nan wata ƙaramar kwamfuta ta juya siginar zuwa sautin da ke sauyawa daidai da motsin hannun mai aiki. Manufar ita ce a sa abin da ba ya ƙara ya yi ƙara, domin mutum ya gyara hannunsa tun yana cikin aikin, kafin ɓarna ta auku.

Dalilin zaɓen kunne a bayyane yake. Idon mai aiki ya riga ya sami abin yi, yana kan bakin zarto ko kan wuƙar tiyata, kuma duk lokacin da aka ce ya ɗaga kai ya dubi allon na'ura, an raba shi da wurin da haɗari yake. Kunne ba ya buƙatar a juya masa fuska, yana ji daga gaba da baya, ba ya kuma ƙiftawa. Ya fi ido saurin isar da saƙo: gwaje-gwaje sun daɗe da nuna cewa mutum yakan motsa bayan jin ƙara cikin kusan milisakan 150, wato kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa, alhali ga haske yakan kai wajen 190. Wajen rarrabe lokaci ma ya yi wa ido nisa, don yana iya gane giɓin shiru na milisakan biyu ko uku a tsakiyar ƙara. Rauninsa kuwa shi ne bai iya faɗin adadi ba. Kunne zai ce abu yana ƙaruwa ko yana raguwa, yana matsowa ko yana nisa, amma ba zai ce lamba kaza ce ba. Wannan ƙarfi da wannan rauni su ne suka tsara kusan duk abin da aka ƙera a fannin.

Likitoci suna cikin waɗanda suka fara mayar da saurare ya zama ma'auni. A 1761 wani likita a Biyana, Leopold Auenbrugger, ya wallafa hanyar ƙwanƙwasa ƙirjin majiyyaci da yatsu don a gane ko ruwa ya taru a ciki. An ce daga mahaifinsa mai masauki ya ga ana ƙwanƙwasa ganguna don sanin inda abin da ke ciki ya tsaya. A 1816 René Laennec a Faris ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata majiyyaciya, daga nan aka sami abin sauraren ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya. Waɗannan duka sautin jiki ne na asali aka ƙara wa ƙarfi. Sabon babi ya buɗe ne lokacin da aka fara ƙirƙirar sauti ga abin da shi kansa shiru yake. A 1881, bayan an harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell ya haɗa wata na'ura mai naɗaɗɗun wayoyi da kan tarho don neman harsashin a jikinsa. Bai same shi ba. Gadon da shugaban ke kwance a kai yana da ƙarafa a ƙarƙashin katifa, suka rikita sautin, kuma likitan da ke kula da shi ya taƙaita binciken a gefen dama, alhali harsashin yana hagu. Matsalolin biyu da suka kayar da Bell, wato sensa ta ji abin da ba shi ake nema ba, da kuma mai riƙe da ita ya nufi inda bai dace ba, har yau su ne manyan matsalolin fannin.

Bayan haka abubuwa suka biyo juna da sauri. Hans Geiger da Walther Müller sun kammala na'urarsu ta gano burbushin nukiliya a 1928, wadda ke yin ƙas-ƙas ɗin da ke yawaita idan an matsa kusa da tushen haɗari. A shekarun 1930 matuƙan jiragen sama a Amurka da kunne suke bin hanya cikin hazo: idan jirgi ya kauce gefe ɗaya sai su ji harafin A na siginar Morse, ɗaya gefen kuma harafin N, idan suna kan hanya sai haruffan biyu su narke su zama sauti ɗaya miƙaƙƙe. A 1941 wani hafsan sojan Foland, Józef Kosacki, ya ƙera na'urar gano nakiyar da aka binne, aka yi amfani da ɗaruruwanta a yaƙin El Alamein na Masar a 1942. Sai dai fannin bai zama ilimi mai zaman kansa ba sai a 1992, lokacin da Gregory Kramer ya shirya taron farko na masu binciken isar da bayani ta sauti a Santa Fe.

Ɓangaren sensa shi ne mafi sauƙi a yau. Don auna ƙarfin dannawa ko murɗawa ana manna wata siririyar waya mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikin ƙarfen kayan aikin. Idan ƙarfen ya miƙe ko da ƙanƙani ne, yadda wayar ke barin wuta ta wuce yakan sauya. Edward Simmons da Arthur Ruge, kowa a nasa wurin, suka gano wannan dabara a 1938. Don jin girgiza ana amfani da wasu duwatsu masu fitar da lantarki idan an matse su, halin da 'yan'uwa biyu Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880. Karkata da saurin motsi kuwa ƙananan sensoshin da ke cikin kowace wayar hannu ta zamani ke auna su, irin waɗanda ke juya hoto idan an kwantar da waya. Nisa ana auna shi da amsa-kuwwa: sensar da ke bayan mota tana fitar da ƙara mai girgiza sau 40,000 a daƙiƙa, wadda kunnen mutum ba ya ji tunda iyakarsa kusan 20,000 ce, sai ta ƙirga lokacin da ƙarar ta ɗauka kafin ta dawo. Tunda sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, bangon da ke nisan mita ɗaya zai mayar da amsa cikin kusan milisakan shida. Duk waɗannan sun yi araha, kuma tun da allon ƙaramar kwamfutar nan Arduino ya fito daga Ivrea ta Italiya a 2005, ɗalibin kwalejin fasaha ma yana iya haɗa sensa da 'yar lasifika a kan teburinsa.

Wahalar tana wajen fassara, wato yanke shawarar wane ma'auni zai zama wane sauti. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙara ɗaya a kan iyaka: an kai, ko an wuce. Sifanar ɗaure noti mai yin ƙas idan an kai ƙarfin da aka saita ita ce misalin da kowane gareji mai kyau ya sani, kuma mitar da masu gyaran waya ke aiki da ita, irin waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, haka take: a taɓa ƙafafu biyu a kan layin allo, in ya haɗu ta yi tsuwa, in ya yanke ta yi shiru, idon mai gyara kuma bai bar wurin ba. Aibin ƙarar iyaka shi ne ba ta faɗin ana zuwa, sai an iso. Hannun da ke murɗa noti da ƙarfi ba ya tsayawa nan take, don haka yakan zarce. Shi ya sa sifanonin zamani masu batir suke fara tsuwa a hankali tun ana nesa, su riƙa ƙara sauri yayin da ake matsowa, sannan su miƙe da sauti ɗaya a kan adadin da ake so. Saurin bugu ya fi komai sauƙin fahimta ba tare da koyarwa ba, kamar yadda direban da bai taɓa karanta littafin motarsa ba yake gane abin da tsuwar baya ke nufi tun ranar farko.

Bayan saurin bugu sai kaifin sauti, wato siririn amo ko mai kauri. Matuƙan jiragen sama marasa inji suna da na'urar da muryarta ke sirancewa idan iska na ɗaga jirgin, ta yi kauri idan yana sauka, ta haka idonsu yake zama a waje yana duban sauran jirage. Ƙarfin ƙara kuwa, wato a ɗaga ta ko a rage, shi ne mafi rashin amana, domin hayaniyar wuri da nisan lasifika suna sauya shi. Akwai kuma tambayar da ake ɗauka mai sauƙi ce alhali ba haka ba: idan abu ya ƙaru, sauti ya hau ne ko ya sauka? Bruce Walker na Georgia Tech ya gwada wannan a kan mutane da yawa, ya ga cewa ga zafi mafi yawa suna son sauti ya hau, amma ga girman abu suna son ya sauka, tunda babban abu kaurin murya gare shi. Ya kuma tarar cewa makafi da masu gani ba koyaushe suke zaɓen abu ɗaya ba. Mai ƙera na'ura da ya dogara da abin da shi ya ji ya dace, ba tare da ya gwada a kan masu sana'ar ba, yana iya sa mutum ya ƙara dannawa a daidai inda ya kamata ya sassauta.

Magana da muryar mutum tana da wurinta, musamman wajen faɗin adadi, amma tana da jinkiri. Kafin na'ura ta gama cewa a karkata hagu kaɗan, hannu ya riga ya bar inda yake. Jinkiri dai shi ne babban abokin gaba. Masu ƙera kayan kiɗa na lantarki sun daɗe da ɗaukar milisakan goma a matsayin iyakar da ake so tsakanin taɓawa da fitowar sauti, domin da ya wuce haka sosai ƙwaƙwalwa takan daina jin cewa hannu ne ya haifar da sautin. Wannan ne ya sa abin kunne marar waya, mai aiki da Bluetooth, sau da yawa bai dace da aikin da ke son daidaito ba, saboda jinkirinsa yakan haura milisakan ɗari.

Ɗakin tiyata ne wurin da wannan fasaha ta fi nuna kanta, kuma misalin da ake yawan kafa hujja da shi shi ne ma'aunin oksijin na yatsa. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano hanyar auna oksijin na jini da haske a farkon shekarun 1970. A farkon shekarun 1980 kamfanin Nellcor ya ƙara wani abu ƙarami: na'urar tana tsuwa da kowane bugun zuciya, kuma tsuwar tana yin kauri yayin da oksijin ke raguwa. Likitan da ke sa majiyyaci barci, idan yana zura bututun numfashi, idonsa da hannayensa biyu suna cikin maƙogwaron majiyyaci, amma kunnensa yana gaya masa ko lokaci ya fara ƙurewa. Sauti ɗaya yana ɗauke da labari biyu, saurin zuciya da yawan oksijin, kuma duk wanda ke ɗakin yana ji tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan na'ura a jerin abubuwan da ake dubawa kafin tiyata a 2008, kuma ƙungiyar Lifebox da aka kafa a 2011 ta rarraba ta a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da na Afirka.

A hannun likitan tiyata kansa akwai kayan aiki masu magana da sauti. Wajen ɗaura ƙusoshi a ƙashin baya, likita yana huda wata siririyar hanya a cikin ƙashi wadda laka ke gefenta, kuma ba ya ganin bakin abin hudawar. Na'urar PediGuard ta kamfanin SpineGuard na Faransa tana auna yadda abin da ke bakinta ke barin wuta ta wuce. Ƙashi mai laushi na tsakiya yana ba da sauti matsakaici, ƙashi mai tauri na bango yana ba da mai kauri a hankali, jini da tsoka kuma suna ba da siriri mai sauri, alamar an fasa bango. Likitan kunne da ke aiki kusa da jijiyar da ke motsa fuska yana da na'urar da ke sauraren tsokar fuskar, ta yi ƙara idan an taɓa jijiyar. Likitan haƙori yana gane ya kai ƙarshen saiwa daga tsuwar wata na'ura da asalinta ke komawa ga aikin Sunada na Japan a 1962. Mai neman ƙullin da ciwon daji ke fara yaɗuwa zuwa gare shi a hammata yana bin ƙarar wata jikanyar na'urar Geiger. A dukansu, abin da ake nema yana ɓoye a ƙarƙashin abin da ido ke gani.

Tiyata da mutum-mutumi ta kawo matsalar a sabuwar siga. Na'urar da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000, ta ba likita gani mai kyau da hannu marar rawa, amma ta ƙwace masa jin taɓawa. Yana zaune nesa da majiyyaci, ba ya jin yadda zare ya ɗaure, har yakan tsinka shi. Allison Okamura da abokan aikinta a Johns Hopkins sun manna ma'aunin ƙarfi a bakin kayan aikin, suka mayar da ma'aunin zuwa sauti da alamar gani, suka ga ƙarfin ɗaure ƙulli ya fi daidaita. Katherine Kuchenbecker a Jami'ar Pennsylvania ta bi wata hanya da tsarinta VerroTouch: maimakon ƙirƙirar tsuwa, sai ta ɗauko girgizar kayan aikin ta asali ta isar da ita ga hannu da kunnen likita, ya ji gogar ƙarfe da ƙarfe kamar da hannunsa yake riƙe da shi. Wannan hanya tana da wata fa'ida da tsuwa ba ta da ita, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta san ma'anar gurza da ƙwanƙwasa tun ƙuruciya, ba sai an koya mata ba. Sai a 2024 sabon samfurin da Vinci ya fito da ma'aunin da ke mayar da jin ƙarfi kai tsaye ga hannun likita.

Idan aka bar asibiti, na'urar gano ƙarfe tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Masu kwance nakiyoyi a arewacin Cadi da Sudan da arewa maso gabashin Najeriya da ita suke aiki, haka ma masu neman zinariya da suka kwarara zuwa tsaunukan Djado a arewacin Nijar tun 2014. Na'urar ba ta cewa ga zinariya ko ga nakiya. Ƙara kawai take bayarwa, kuma ƙasa mai yawan ma'adinin ƙarfe ita ma tana sa ta kuka. Gwani shi ne wanda ya koyi bambanta faɗin ƙarar da kaifinta da yadda take sauyawa idan ya sake share wurin ta wani ɓangare. A masana'antun sassaƙa ƙarfe kuma ana samun injuna, kamar wasu na kamfanin Okuma, masu makirufo da ke sauraren kukan da ƙarfe ke yi idan bakin yanka ya fara rawa, su ba da shawarar sauya gudun juyawa. Abin da tsofaffin ma'aikata ke yi da kunne ne aka ɗora wa inji.

Ga makafi masu sana'a kuwa, sauti ba ƙari ba ne, shi ne hanyar. Akwai abin ratayawa a bakin kofi mai tsuwa idan ruwan zafi ya kusa cika, da tef ɗin awo mai faɗin tsawo da murya, da ma'aunin daidaiton bango mai yin shiru ko sauya amo idan katako ya miƙe. Kafintoci makafi a Amurka sun daɗe suna amfani da wani sandan awo mai yin ƙas a kowane kashi ɗaya cikin 16 na inci, ba batir ba lantarki, kuma da shi ake yin aikin da mai gani ba zai kushe ba. Tarihin wannan ɓangare yana da darasi. A 1913 Edmund Fournier d'Albe a Birmingham ya ƙera na'urar da ke mayar da haruffan littafi zuwa amo, amma a nunin farko kalma ɗaya a minti ake iya karantawa. Na'urorin da suka yi ƙoƙarin zuba duk abin da ido ke gani a kunne sun sha wahalar karɓuwa, domin makaho da kunnen nan yake jin mota da taku da amsa-kuwwar bango, ba zai so a toshe masa shi ba. Waɗanda suka tsaya a kan tambaya ɗaya, ya cika ko bai cika ba, ya miƙe ko bai miƙe ba, su ne suka zauna a hannun mutane.

Iyakokin fasahar suna da yawa, kuma na farko hayaniya ce. Wurin da aka fi buƙatar taimako shi ne wurin da aka fi ƙara. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar ƙarfin ƙara a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100, matakin da injin gurza ƙarfe ke iya kaiwa. Kafin a ji tsuwa a irin wannan wuri sai ta fi hayaniyar ƙarfi da wajen desibel 15, wato maganin ya zama wata cutar. Mafita ita ce a shigar da sautin cikin abin toshe kunne, ko a aika shi ta ƙashin gefen fuska, ko a haƙura da sauti a koma ga girgizar ƙota. Ga shi kuma tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka daɗe cikin ƙara, su ne suka fi rasa jin siririn amo, wanda mafi yawan na'urori masu araha ke amfani da shi.

Sai yawan kuka. A hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979, ƙararrawa sama da ɗari suka tashi cikin mintunan farko, ma'aikata suka rasa wadda za su bi. A 2013 hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta ba da rahoton aukuwa 98 masu alaƙa da ƙararrawa tsakanin 2009 da tsakiyar 2012, 80 daga ciki sun kai ga mutuwa, ta kuma kiyasta cewa kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarar na'urorin asibiti ba sa buƙatar a yi komai. Kunnen da aka saba yi wa ƙarya yakan daina saurare, hannu kuma ya kai ga makunni ya kashe. Ƙa'idar duniya ta sautukan asibiti da aka fitar a 2003 ta ba kowace matsala ɗan gajeren amo nata, amma gwaji ya nuna ma'aikatan jinya suna rikita su. A gyaran 2020, bisa aikin Judy Edworthy da wasu, an kawo sautuka masu kama da abin da suke nufi, kamar bugun zuciya ga matsalar zuciya.

Akwai kuma gaskiyar sensar kanta. Sauti mai daɗi da tabbaci yana iya fitowa daga ma'auni marar gaskiya, kuma kunne ba shi da hanyar ganewa. Na'urorin da ke jagorantar danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya suna neman dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita biyar zuwa shida. Amma idan majiyyaci yana kan katifa mai laushi, sensar motsi takan haɗa nutsewar katifa da ta ƙirji, ta ce an yi daidai alhali ba a kai ba. Ma'aunin oksijin na yatsa ma yana da irin wannan tabo, wanda ya shafi Afirka kai tsaye. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa a jikin baƙar fata na'urar ta kusan ninka sau uku wajen nuna oksijin ya isa alhali ya yi ƙasa, idan aka kwatanta da farar fata. Tsuwar tana bin lambar ne, lambar kuma tana bin hasken da launin fata ya riga ya taɓa.

Inda haɗari ya fi mutum sauri, sauti ba shi da amfani. Zarton tebur mai juyawa sau 4,000 a minti zai yi zagaye goma cikin milisakan 150 da mutum ke buƙata kafin ya janye hannu. Shi ya sa Steve Gass, wanda ya ƙirƙiro zarton SawStop a 1999, bai sa wa na'urarsa gargaɗi ba. Sensar tana jin sauyin lantarki idan fata ta taɓa ƙarfe, sai ta cusa birkin alminiyam cikin haƙoran zarton, ya tsaya cikin ƙasa da milisakan biyar. Rabon aikin ke nan: abin da ke buƙatar hukunci da gwaninta a ba mutum labarinsa ta kunne, abin da ke buƙatar sauri fiye da jijiyar ɗan Adam a bar wa inji.

Tambayar da ba a gama warwarewa ba ita ce ta koyo. Tun 1984 Salmoni da Schmidt da Walter suka nuna cewa jagora mai yawa yana gyara aiki a lokacin da yake nan, amma yana iya hana hannu koyon kansa, ta yadda da an cire na'ura sai gwanintar ta bi ta. Akwai alamar cewa kunne ya fi ido sauƙin yaye. A wani gwaji a Jami'ar Leuven ta Beljiyam a 2011, an koya wa mutane wani motsi mai wuya na hannu biyu, wasu da jagoran allo, wasu da na sauti. Da aka cire jagoran, masu allo suka koma baya, masu sauti suka riƙe abin da suka koya. Nina Schaffert a Hamburg ta yi aiki da 'yan wasan tuƙa kwale-kwale na Jamus, tana mayar da saurin jirgin zuwa amo don su ji inda yake tsaitsayawa tsakanin bugun filafili, Jérémy Danna da Jean-Luc Velay kuma a Marseille sun gwada sautin da ke bin motsin alƙalami ga masu wahalar rubutu. Mafi yawan irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, na kwanaki ko makonni, a kan mutane kaɗan, don haka ba su isa a gina tsarin koyar da sana'a kacokan a kansu ba. Abin da masu horarwa suka fi yarda da shi a yanzu shi ne na'ura ta yi shiru muddin hannu yana cikin iyakar da aka yarda, ta yi magana kawai idan ya fita, a riƙa ƙuntata iyakar yayin da almajiri ke ƙwarewa, sannan a riƙa gwada shi lokaci-lokaci da na'urar a kashe don a ga abin da ya zauna a hannunsa.